Ƙaramar Ƙwaƙwalwar Da Ciniki Ya Rataya A Kanta: Yadda Tsarin Katse Hanzari Ke Raba Na'ura Ta Gari Da Ta Banza

LEGAS — Duk wanda ya ratsa kasuwar Alaba, ko kasuwar kayan kwamfuta da ke Ikeja, ko kuma kasuwar kayan gwari ta Mile 12, zai lura da cewa cinikin yau ya dogara a kan wasu ƙananan na'urori waɗanda ba a cika damuwa da su ba sai ran da suka ƙi aiki. Akwai na'urar POS da ke hannun mai cirar kuɗi, da sikelin lantarki na mai sayar da hatsi, da mitar wuta mai lambobi da ke jikin bangon shago, da famfon gidan mai, da inbatar hasken rana, da kuma 'yar na'urar da mai tirela ke ɓoyewa a jikin motarsa domin sanin inda take. A cikin kowace ɗaya daga cikinsu akwai wata baƙar ƙwayar lantarki da ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba, wadda injiniyoyi ke kira maikurokontirola, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar sarrafawa.

Wannan ƙwaƙwalwa ba ta aiki ita kaɗai. Dole ne ta yi magana da sassan da ke kewaye da ita: mai karanta kati, da mai buga rasit, da sashen sadarwar waya, da ma'aunin nauyi ko na wuta. Hanyar da aka tsara mata ta sauraren waɗannan sassa, ko da yake mai saye ba ya ganinta kuma ba a rubuta ta a jikin kwali, ita ce sau da yawa ke bambanta na'urar da za ta yi shekaru tana aiki lami lafiya da wadda za ta riƙa daskarewa, tana zubar da bayanai, tana shanye batir. Ga mai shigo da kaya da mai harhaɗa su a gida, wannan bambanci na iya zama bambancin riba da asara.

ASALIN ƘWAƘWALWAR

Tarihin wannan ƙwaya ya faro ne a ƙasar Amurka. A farkon shekarun 1970, injiniyoyi biyu na kamfanin Texas Instruments, Gary Boone da Michael Cochran, suka haɗa sashen lissafi da ma'ajin bayanai da ƙofofin shiga da fita a kan ƙwaya guda, kuma a shekarar 1974 kamfanin ya fito da samfurin TMS1000 kasuwa. Kamfanin Intel ya biyo baya da samfurin 8048 a 1976, sannan 8051 a 1980, wanda har yanzu ake ƙera jikokinsa. A 1993 kamfanin Microchip ya fito da PIC16C84, wadda ake iya gogewa da lantarki a sake rubuta mata umarni, abin da ya sauƙaƙa gwaji ga ƙananan masana'antu. Daga birnin Trondheim na ƙasar Norway kuwa, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan suka tsara jerin AVR, wanda kamfanin Atmel ya shiga sayarwa a ƙarshen shekarun 1990. A kan AVR ɗin ne aka gina allon Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005, allon da ya zama matakin farko ga ɗimbin ɗaliban kwalejojin fasaha a duniya, har da na Nijeriya.

Dalilin da ya sa waɗannan ƙwayoyi ke magana da maƙwabtansu ta hanyar da ake kira layin jere dalili ne na kuɗi. Kowace ƙafa da aka ƙara a jikin ƙwaya, da kowane zaren tagulla da aka shimfiɗa a kan allo, ƙarin farashi ne. Saboda haka maimakon a aika bayani ta wayoyi takwas a lokaci guda, sai a jera shi bi-da-bi a kan waya ɗaya ko biyu, kamar yadda mutane ke ratsa siririyar gada ɗaya bayan ɗaya.

Hanyoyi uku ne suka fi shahara. Ta farko ita ce UART, wadda ke tafiya tare da ƙa'idar RS-232 da ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta fitar a 1960. Ta biyu ita ce I2C, wadda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya ƙirƙira a 1982 domin sassan talabijin, kuma wayoyi biyu kacal take buƙata. Ta uku ita ce SPI ta kamfanin Motorola, mai wayoyi huɗu, wadda ta fi sauran sauri. Katin banki ma ta layin jere yake magana da na'urar POS, bisa ƙa'idar ISO 7816. Guntun umarnin da ke kula da kowane ɗaya daga waɗannan layuka shi ake kira direba, kuma a kan yadda ake rubuta wannan direba ne maganar take.

LEƘE KO ƘARARRAWA

Hanyoyi biyu ne na asali da direba ke bi wajen sanin cewa saƙo ya iso. Misalin mai shago ne wanda yake shi kaɗai, yana ciki yana lissafin kaya, alhali kuma masu saye na zuwa bakin ƙofa. A hanya ta farko, mai shagon zai riƙa ajiye alƙalami lokaci-lokaci yana leƙa ƙofa ko wani ya zo. Idan ya yawaita leƙen, lissafi ba zai ci gaba ba. Idan kuma ya jinkirta, mai saye zai gaji ya wuce shagon gaba. Wannan shi ne tsarin leƙe. A hanya ta biyu, sai ya rataya ƙararrawa a bakin ƙofa ya duƙufa a kan aikinsa. Da zarar ta kaɗa, sai ya sa alama a inda ya tsaya, ya fita ya sallami mai saye, ya dawo ya ɗora daga inda ya bari. Wannan shi ne tsarin katse hanzari.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kwamfutar DYSEAC da hukumar ma'aunai ta Amurka ta kammala a 1954 na daga cikin na farko da suka ba sassan waje damar katse wa ƙwaƙwalwa hanzari. Abin da ya canza shi ne cewa a yau ƙwayar da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba tana da irin waɗannan ƙararrawa da dama, kowace da sashen da take wakilta.

Lissafi ne ke nuna muhimmancin lamarin. A layin UART da ke gudun bit 9,600 a daƙiƙa, kowane harafi na cin bit goma, wato takwas na saƙo, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Ke nan haruffa 960 ne ke isowa a kowace daƙiƙa, harafi guda a cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan aka ɗaga gudun zuwa 115,200, kamar yadda aka saba da sassan sadarwa na zamani, haruffa 11,520 ne a daƙiƙa, kowane a cikin kimanin kashi 87 cikin miliyan na daƙiƙa. A ƙananan ƙwayoyi da yawa, ma'ajin da ke bakin layin ba ya ɗaukar abin da ya wuce harafi ɗaya ko biyu. Idan ba a kwashe ba har wani ya iso, sai bayani ya salwanta, abin da injiniyoyi ke kira ambaliya.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙwaƙwalwar da agogonta ke bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, kamar ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno, tana da bugu sama da 16,000 tsakanin harafi da harafi a gudun 9,600. Idan aka tsare ta a bakin ƙofa tana jiran harafi, duk wannan lokaci ya tafi a banza, alhali karɓar harafin kansa bai wuce aikin bugu 'yan gommai ba. Tsarin leƙe ke nan na tilasta wa mai tsara na'ura zaɓi tsakanin asarar lokaci da asarar bayani.

Na'urar bibiyar mota ta isa misali. Tirela ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Apapa da kaya za ta Kano, tafiyar kimanin kilomita dubu. A cikin na'urar akwai sashen GPS da ke turo bayanin wuri a kowace daƙiƙa, cikin jimloli na ƙa'idar NMEA waɗanda tsawon kowace bai wuce haruffa 82 ba. Akwai kuma sashen waya da ake ba umarni da kalmomin AT, waɗanda suka samo asali daga modem ɗin kamfanin Hayes na 1981. A inda sabis ya yi rauni, sashen wayar na iya ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya amsa. Direban da ke tsayawa jiran wannan amsa zai bar haruffan GPS su zube. Lambar tantancewa da ke ƙarshen jimlar ba za ta dace ba, sai a watsar da jimlar, kuma mai mota da ke ofis ya ga motarsa ta tsaya cik a kan taswira alhali tana can tana gudu. A tsarin katse hanzari kuwa, kowane harafi daga kowane sashe na kaɗa ƙararrawarsa, a karɓe shi nan take, a adana.

RUMBUN ZOBE

Ƙararrawa kaɗai ba ta wadatar ba, sai da wurin ajiya. Ƙa'idar da ƙwararru suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, aikin da ake yi a lokacin da ƙararrawa ta kaɗa ya kasance gajere matuƙa: a ɗauki harafin, a jefa shi a ma'aji, a koma. Fassara saƙon da yanke shawara a kansa aikin babban shirin na'urar ne, idan ya sami sarari. Ma'ajin da aka fi amfani da shi ana kiransa rumbun zobe, domin idan an kai ƙarshensa sai a zagayo farko. Yana da alamomi biyu, ɗaya na nuna inda za a zuba sabon harafi, ɗaya na nuna inda za a ɗiba. Muddin mai ɗiba bai bari mai zubawa ya zagayo ya cim masa ba, babu abin da zai ɓata.

Girman rumbun ma lissafi ne. Allon Arduino Uno na keɓe gurbin haruffa 64 domin karɓa. A gudun 9,600 wannan rumbu zai cika cikin kimanin kashi 67 cikin dubu na daƙiƙa, a gudun 115,200 kuwa ƙasa da kashi shida cikin dubu. Kuma ba a iya faɗaɗa shi yadda aka ga dama, tun da dukan ma'ajin aikin wannan ƙwaya gurbi 2,048 ne kawai. Injiniyan da ya san aikinsa yakan auna lokaci mafi tsawo da babban shirin zai iya shagala, sannan ya yanka rumbun daidai da haka, har da rara.

'Yan kasuwar da suka yi amfani da kwamfuta da modem a shekarun 1990 sun ɗanɗana wannan matsala ko da ba su san sunanta ba. Kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da ƙwayar layin jere mai lamba 8250, mai riƙe harafi guda. Da modem suka ƙara sauri, sai haruffa suka riƙa zubewa, saƙonni na lalacewa. Kamfanin National Semiconductor ya magance haka da samfurin 16550A a 1987, mai ma'ajin haruffa 16 a cikinsa, ta yadda ƙararrawa ɗaya za ta wadatar wa tarin haruffa. Har ta kai masu sayar da kwamfuta na sanya lambar wannan ƙwaya a cikin tallarsu.

Akwai mataki na uku a gaba da wannan, wanda ake kira DMA. A nan wani sashe na dabam a cikin ƙwayar ke zama tamkar ɗan dako, yana kwasar haruffa daga bakin layi zuwa rumbu ba tare da ya dami ƙwaƙwalwa ba, sai ya gama jigilar duka sannan ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya. Ƙwayoyin zamani masu bit 32, irin su jerin STM32 da kamfanin STMicroelectronics ya fara fitarwa a 2007 bisa tsarin Cortex-M na kamfanin ARM na Ingila, suna zuwa da ɗakin karatun umarni da ke ba mai tsarawa zaɓin hanyoyin uku: leƙe, ko katse hanzari, ko DMA. Hanyar leƙe ce mafi sauƙin rubutawa, shi ya sa take yawa a na'urorin da aka haɗa cikin gaggawa.

BATUN BATIR

A ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa, ribar da ta fi fitowa fili ita ce ta batir. Ƙwaƙwalwar da ke leƙe ba ta barci, domin dole ta ci gaba da zagaye dare da rana. Wadda ke jiran ƙararrawa kuwa tana iya kwanciya har sai an tashe ta. Ƙaramar ƙwaya mai gudun miliyan 16 na jan wuta kimanin mili-amfa goma idan tana farke, amma a barci mai nauyi abin da take ja na iya sauka zuwa 'yan mikro-amfa, wato ragin da ya kai ninki dubu. Ƙaramin batir mai siffar kwabo samfurin CR2032 na ɗauke da kimanin mili-amfa 220 na awa guda. A lissafin takarda, na'urar da ke jan mili-amfa goma za ta cinye shi cikin awa 22, wadda matsakaicin janta bai wuce mikro-amfa goma ba kuwa za ta kai awa 22,000, wato kusan shekara biyu da rabi.

Sai dai akwai sharaɗi. A barci mafi nauyi, agogon da ke tafiyar da layin jere kan tsaya shi ma, don haka harafin farko da ya tashi ƙwayar na iya ɓacewa kafin ta wartsake. Masu tsarawa kan magance haka da zaɓen barci mai sauƙi, ko keɓe waya ta musamman domin tashi, ko kuma sa mai aikawa ya fara turo harafin sallama kafin ainihin saƙo.

INDA HATSARIN YAKE

Tsarin katse hanzari na da nasa sharrin, kuma kurakuransa sun fi wuyar kamawa, domin ƙararrawa na iya kaɗawa a kowane lokaci, har a tsakiyar wani aiki da bai kamata a raba shi biyu ba. Misali, ƙwaƙwalwa mai bit takwas ba ta iya karanta lambar da ta wuce 255 a ɗauka ɗaya, sai ta karanta rabi da rabi. A ce tana ƙirga bugun ma'aunin famfon mai, ƙirgen yana kan 255. Ta karanta rabin farko, kafin ta karanta na biyu sai ƙararrawa ta kaɗa, ƙirgen ya koma 256. Abin da za ta haɗa daga tsohon rabi da sabon rabi shi ne 511, lambar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Irin wannan kuskure na iya faruwa sau ɗaya a cikin ciniki dubbai, ba zai bayyana a ɗakin gwaji ba, sai kaya sun watsu a kasuwa. Maganinsa shi ne rufe ƙararrawar na ɗan ƙanƙanin lokaci yayin karanta lambar, amma idan aka daɗe a rufe, sai ambaliya ta dawo.

Tarihi ya nuna abin da irin wannan karo ke iya jawowa. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar ƙasar Kanada, ta ɗirka wa marasa lafiya aƙalla shida haske fiye da ƙima a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasa rayukansu. Bincike ya gano cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne karo tsakanin sassan umarni biyu da ke amfani da bayani guda, wanda ke faruwa kawai idan ma'aikaci ya gyara rubutunsa da sauri sosai.

Hatsari na biyu shi ne yawan ƙararrawa. A ranar 20 ga Yulin 1969, yayin da kumbon Apollo 11 ke sauka a duniyar wata, wata na'urar rada ta riƙa turo wa kwamfutar kumbon sigina marasa amfani, har suka cinye fiye da kashi goma cikin ɗari na lokacinta. Kwamfutar ta yi ta nuna lambobin gargaɗi 1202 da 1201. Abin da ya ceci tafiyar shi ne cewa masu tsara umarninta a cibiyar fasaha ta MIT sun jera ayyuka bisa fifiko, ta yadda idan nauyi ya yi yawa za ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe na saukar. Darasin ya shafi ƙaramar na'ura ma: waya mai sako-sako ko hayaniyar janareta na iya sa layi ya yi ta kaɗa ƙararrawar ƙarya har ƙwaƙwalwa ta kasa yin komai. Shi ya sa ake sanya wani ƙaramin agogo mai gadi, wanda idan babban shiri bai taɓa shi ba cikin ƙayyadadden lokaci zai kashe na'urar ya sake kunna ta.

ABIN DA YA SHAFI KASUWAR NIJERIYA

Dogaron kasuwar Nijeriya a kan waɗannan na'urori ya ƙaru ne sannu a hankali. Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a watan Janairun 2012. A watan Oktoban 2022 ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma ƙarancin kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023 ya tura hatta masu ƙananan sana'o'i ga na'urar POS. Gaskiya ne cewa mafi yawan cikas ɗin da ake samu a cinikin POS daga layin sadarwa ko daga bankuna yake fitowa. Amma akwai kason da ke faruwa a cikin na'urar kanta, kamar rasit da ya yanke a tsakiya, ko madannin da ke tsallake lamba, ko na'urar da ba ta farfaɗowa bayan sabis ya dawo sai an cire batir. Irin waɗannan alamu kan nuna direban da aka rubuta ba tare da tanadin jinkiri ko ambaliya ba.

A ɓangaren wutar lantarki, hukumar NERC ta fitar da dokar masu samar da mita a 2018, gwamnatin tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin raba mitoci ga jama'a a 2020, tare da ƙarfafa harhaɗa su a cikin gida, yayin da hukumar NEMSA ke da alhakin gwada su. A mitoci da yawa, ƙwayar da ke auna wuta na miƙa sakamakonta ga ƙwaƙwalwa ta layin SPI ko UART, kuma daga wannan sakamako ake cire kuɗin mai gida. Masu mitoci sun ga yadda ƙaramin abu a cikin umarnin na'ura ke iya taɓa kowa, lokacin da ma'ƙirgin mintuna na tsarin STS, wanda ya fara ƙirga daga farkon 1993, ya cika a ranar 24 ga Nuwamban 2024, aka buƙaci masu tsofaffin mitoci su shigar da lambobin sauyi guda biyu masu alƙaluma 20 kafin mitocinsu su ci gaba da karɓar sabon kati.

Akwai kuma darasin ƙarancin ƙwayoyin lantarki da duniya ta shiga daga 2020 zuwa 2022. Annobar korona ta rikita sufuri, tsananin sanyi ya rufe masana'antu a jihar Texas ta Amurka a watan Fabrairun 2021, gobara kuma ta tashi a masana'antar kamfanin Renesas da ke Naka a Japan a watan Maris na shekarar. Kamfanonin motoci da dama sun dakatar da aiki. Kamfanin Tesla ya bayyana a 2021 cewa ya rage wa kansa raɗaɗin ne ta hanyar komawa ga wasu ƙwayoyin da sake rubuta umarninsu cikin 'yan makonni. Wanda ya ware direbobinsa daga sauran shirinsa zai iya sauya ƙwaya ya sake rubuta direban kawai. Wanda ya cakuɗa su kuwa sai ya faro daga tushe.

Ƙarancin ya kuma buɗe ƙofa ga jabun kaya. Tun kafin lokacin ma, a watan Oktoban 2014, kamfanin FTDI na yankin Scotland, mai ƙera ƙwayoyin da ke haɗa USB da layin jere, ya fitar da direban kwamfuta da ke hana jabun ƙwayoyinsa aiki, lamarin da ya tsayar da na'urorin mutanen da ba su ma san jabu suka saya ba, har kamfanin ya janye direban bayan koke-koke. Ƙwayar da aka kwaikwaya na iya aiki daidai a gwajin farko, amma ta saɓa wa ta asali a daidai wuraren da suka fi laushi, wato lokacin kaɗa ƙararrawa da yadda ake share alamar ambaliya.

TAMBAYOYIN DA YA KAMATA A YI

Ɗan kasuwa ba ya buƙatar zama injiniya kafin ya kare dukiyarsa. Kafin ya sa hannu a kan odar na'urori masu yawa, ko ya ba matashin injiniya kwangilar haɗa masa su, akwai tambayoyin da amsarsu ke nuna zurfin aikin. Me na'urar ke yi idan sashen waya bai amsa ba, kuma daƙiƙa nawa take jira kafin ta haƙura? Shin tana ƙirga sau nawa bayani ya zube, kuma ana iya ganin wannan ƙirge? Akwai agogo mai gadi a kunne? Wuta nawa take ja idan ba a amfani da ita? An gwada ta kwana da kwanaki tana aiki da dukan sassanta a lokaci guda, a cikin zafi, kusa da janareta, ana ɗauke wuta ana kawowa? Idan an gano kuskure bayan an sayar, ta yaya za a sabunta umarnin? Sannan idan kwangila ce, wa ke da mallakar rubutun umarnin, kuma an miƙa shi tare da bayani?

Gwajin da aka yi a kan tebur, na'ura ɗaya, ciniki ɗaya, ba ya nuna komai game da waɗannan matsaloli, domin tsarin leƙe ma na cin irin wannan jarrabawa. Sai an taru a kan na'urar, kati na ciki, rasit na fita, sabis na yankewa, sannan halinta ke bayyana.

Ga masu sha'awar zuba jari a harhaɗa na'urori kuwa, kuɗin shiga fagen ya ragu ƙwarai. Kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fito da ESP8266 a 2014 da ESP32 a 2016, masu ɗauke da sadarwar iska a cikinsu. A 2022 kamfanin WCH na ƙasar Sin ya fito da CH32V003 a farashin kimanin santi goma na dalar Amurka. Tsarin FreeRTOS, wanda Richard Barry ya fara a 2003 kuma kamfanin Amazon ya karɓi kula da shi a 2017, kyauta ne ga kowa, haka ma tsarin Zephyr da gidauniyar Linux ta ƙaddamar a 2016. Ƙa'idojin rubuta umarni mai aminci, irin su MISRA C da masana'antar motoci ta Birtaniya ta fara fitarwa a 1998, a rubuce suke ga mai son koyo.

Tun da ƙwayar ta yi araha haka, kuma kowa na iya sayenta daga tushe guda, abin da ya rage na gasa tsakanin masana'anta da masana'anta shi ne ingancin umarnin da aka zuba a cikinta. Nijeriya ba ta ƙera waɗannan ƙwayoyi, amma rubuta direba ba ya buƙatar masana'antar biliyoyin daloli. Abin da yake buƙata shi ne kwamfuta, da na'urar duba sigina, da injiniyan da aka ba isasshen lokaci ya gwada aikinsa. Mai jarin da ya matsa a gama cikin mako biyu domin ya riga abokan gasa shiga kasuwa, shi ne kuma zai biya kuɗin dawo da kaya, da na gyara, da na sunan da ya zube a idon abokan ciniki.